Rum ta Hanyar Bazaga

A Konni akwai Labbo da yawa, amma in ka ce Labbo Italiyano, ko ɗan kabu-kabun da ya fara aiki jiya ba zai tambaye ka kwatance ba. Ba wanda ya laƙa masa sunan. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma sa aka rubuta masa shi da jan fenti a bayan babur.

Zuwa Italiya kam ya je, wannan ba a ja da shi. Wani Alhaji mai manyan motocin dakon siminti daga Malbaza ne ya tafi sayen tsofaffin injuna, ya ɗauke shi riƙon jaka. Abin da Labbo ya gani a can bai wuce filin jirgi ba, sai wani fili mai tarin ƙarafa a bayan gari, sai ɗakin kwanan da tagarsa ke kallon bango. Birnin Rum kuwa ta gilashin bas ya hango shi, ana ruwan sama, yana gyangyaɗi. Duk da haka ya dawo da baƙin tabarau, da kalanda mai hotunan ƙasar, da wata sabuwar ɗabi'a ta haɗe yatsu yana kaɗa hannu in zai yi magana. Tun daga nan shayin Konni ya daina yi masa daɗi, taliyar matarsa ta zama abin tausayi, duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a fadar shayi kuwa sai ya ji yadda ake yi a Rum.

A shekarar 2006 wata ƙungiyar Italiyawa mai gina rijiyoyi a karkarar Bazaga da Illela ta zaɓi matasa huɗu da suka gama lise, wato sakandare. Za ta aika su Rum su yi ƴan makonni suna koyon Italiyanci, su dawo su riƙa yi mata tafinta. Da safe aji, da yamma su zaga gari. Sai labari ya fito cewa akwai sauran kujera guda a jirgin, ta babban da zai raka su, ya kula da yawonsu da sayayyarsu. Shugabar ƙungiyar, wadda mutane ke kira Madam Rijiya, za ta faɗi wanda ta zaɓa ranar bikin miƙa wata sabuwar rijiya a wani ƙauye na Bazaga.

Labbo ya ce ai kujerar nan da awon jikinsa aka ƙera ta. Da aka ba shi shawarar ya je buro, wato ofishin ƙungiyar, ya nema kamar kowa, sai ya ce roƙo na wanda bai san Rum ba ne. Shi yana da dabarar da ta fi haka. Ranar bikin zai kwashi yaran tun da safe, ya bi da su Rum kaf a nan cikin Konni, sannan ya isa da su bakin rijiya a dafe, Madam ta gani da idonta. Iyayen yaran suka yarda, don kyauta ne, kuma don hanya ce ta raba shi da ƙofar gidajensu.

Ana gobe biki ya tara su a fadar shayi, ya rataye kalanda a jikin darbejiya. A cikinsu akwai Sagir, wanda duk mai tabarau malami ne a wurinsa, da Nafissa, ɗiyar wani jandarma, wadda ta gaji ubanta a yawan tambaya. Sauran biyun sun zo ne saboda shayin.

Labbo ya fara zuba musu ilimi. Ya ce abu na farko, su je Koloseyo, tsohon filin daga na Rum, da sassafe kafin Japanawa su cika shi. Kofi a tsaye ake shan sa, mai zama baƙo ne. Jelato kuma ana tafe ana lasa, kada su kuskura su kira shi ƙanƙara, don ƙanƙara ce da ta yi lakwal, wato ta je makaranta. Batun tsaraba, ya ce kada su wahalar da kansu: takalmin fata ga baba, jaka ga inna, sauran dangi kowa ɗan ƙaramin Koloseyo na rataya mabuɗi, ko yana da mabuɗi ko ba shi da shi.

Nafissa ta tambaye shi a wane titi ake samun takalman. Ya ce a Rum kowane titi na takalma ne. Ta tambayi lambar bas da ke zuwa Koloseyo. Ya ce mai wayo ba ya bin lamba, yana bin jama'a. Sai ta nuna wani hoto a kalandar, inda gidaje ke tsaye cikin ruwa, ana tuƙa kwale-kwale a ƙofarsu, ga sunan wani birni daban a rubuce a ƙasa.

"Mushe Labbo, nan kuma ina ne?"

"Rum ta, da damina."

Sagir ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya sa ba da damina za su je ba.

Gari na wayewa Barmo mai amalanken jaki ya iso, shi ne bas ɗin yawon buɗe ido. Labbo ya sha kwat da takalminsa mai tsini, ya tsaya a gaban amalanke riƙe da lema a rufe, ya ɗaga ta sama, don haka jagorori ke yi a can kada a ɓata. Barmo ya ce shi dai a amalankensa ba a taɓa ɓata ba, sai dai a faɗo. Kafin su fita unguwa Labbo ya faɗo, ya ce sauka ya yi ya duba taya.

Koloseyon Labbo dai filin kokowar Konni ne. Suka tarar da wani ƙato mai suna Maman, ɗan kokowar Illela, yana motsa jiki da mutanensa. Labbo ya jera ɗalibai, ya ce su ɗauka wannan katangar ta ninka kanta sau da yawa, su ɗauka kuma nan ne ake sakin zakoki a kan mutane. Daga nan ya ce zai nuna musu yadda ake ɗaukar hoto da masu shigar mayaƙa da ke tsayawa a ƙofar wurin. Ya miƙa wa Sagir kyamara. Ya tuɓe takalmi don kada rairayi ya ɓata fatar Italiya, ya tuɓe kwat don zafi, ya taka cikin da'irar, ya ranƙwafa, ya miƙa hannu wajen wuyan Maman.

Ko yaron goye a ƙasar nan ya san ma'anar mutum ya tuɓe takalmi ya shiga rairayi ya miƙa wa ɗan kokowa hannu. Maman ya dubi mutanensa, ya dubi Labbo, ya yi bisimilla. Abin da ɗalibai suka gani shi ne ƙafafu biyu da safa mai huda suna gaida sama. Sagir kuwa, da yake an ce ya danna in ya ga abu mai kyau, ya danna.

Maman ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa baya, ya ce da alama baban nan ya yi kokowa da ƙuruciya, don ya iya faɗuwa. Labbo ya tofar da rairayi, ya shaida wa ɗalibai cewa da gangan ya bayar da kai, don su ga yadda tarihi ya kasance. Nafissa ta ce ita daga baya take, ba ta gani sosai ba, ko zai maimaita. Ya ce lokaci ya ƙure.

Daga nan sai kasuwa, darasin sayayya. A hanya Labbo ya gargaɗe su cewa babban abin da ke tona asirin baƙauye a kantunan Rum shi ne tayi. A can, in an faɗi kuɗi an faɗa. Ba albarka, ba ragi, ba a juya baya a yi kamar za a tafi. Yau zai nuna musu yadda wayayye ke sayen kaya.

Wanda ya san kasuwar Konni ya san cewa kaya da yawa a cikinta ba ta babbar hanya suka tsallako iyaka ba. Atamfa, takalma, batura, fetur a kwalabe, kowane da labarin tafiyarsa. Cikin wannan kasuwa Labbo ya shiga da baƙin tabarau da kwat, matasa huɗu a bayansa, ɗaya riƙe da kyamara, shi kuma yana nuna rumfuna da tsinin lema yana cewa su lura da wannan, su lura da wancan.

Ya tsaya a rumfar Alhaji Nasiru mai takalma, ya ɗauki wasu baƙaƙe ya tambayi kuɗinsu. Alhaji Nasiru ya faɗi kuɗin farko, irin wanda kowa ya san gaisuwa ce kawai, har ya gyara zama don a fara hira.

"Na saya," in ji Labbo.

Alhaji Nasiru ya ɗago kai. "Ba ka taya ba, malam."

"Mu ba mu tayi."

"Ku su wa?"

Labbo ya haɗe yatsu ya kaɗa hannu, ya ce su mutanen da suka san daga inda kaya ke fitowa. Ya kuma juya ya ce wa Sagir ya ɗauki hoton rumfar.

Alhaji Nasiru ya dubi tabarau, ya dubi kyamara, ya karɓe takalmansa a hankali, ya ce ashe ma an riga an saye su. Ya raɗa wa maƙwabcinsa kalma guda, maƙwabcin ya raɗa wa na gaba. Kafin Labbo ya gama bayani kan bambancin fatar saniya da ta maraƙi, kalmar duwan, wato kwastan, ta zagaye kasuwa. Ƙofofin kwano suka fara faɗuwa. Masu fetur suka rungumi jarkoki suka bi lungu, wani ya yi tuntuɓe ya kifar da teburin mai tsire. Dilolin atamfa suka riƙa tsallake katanga kamar suna da ƙafa. Wata mai fura, da ba ta da abin ɓoyewa, ita ma ta ɗauki ƙwaryarta ta ruga don kada a bar ta baya.

Labbo ya dubi layin da ya koma fayau, ya ce wa ɗalibai su gani, haka ake yi a Rum, da rana tsaka duk kantuna rufewa suke a je a huta.

Hutun bai daɗe ba. Wani mai gyaran babur ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofa, ya ce kai jama'a, ai Italiyano ne. Yadda mutane suka watse da sauri, haka suka dawo, sai dai wannan karon da abin hannu. Sarkin kasuwa ya raba hanya da ƙyar, ya raka su har bakin amalanke yana cewa a yi haƙuri, mutumin ba shi da cikakkiyar lafiya. Labbo ya tsaya zai musanta wannan batu, sai ruɓaɓɓen tumatir ya same shi a kafaɗa, wani ya bi bayansa. Barmo ya kaɗa jaki. Da suka yi nisa, Labbo ya goge kwat, ya ce ko banza sun ga tumatir, wanda shi ne tushen abincin Italiya.

Nafissa ta ce a sauke ta, ta ga Rum ta ƙoshi. Labbo ya ce ai duk abin da suka gani share fage ne. Saura babban, Maɓuɓɓugar Tirebi, wadda duk wanda ya je Rum bai gan ta ba, to Malbaza ya je.

Sun isa ƙauyen kafin manyan baƙi. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, makaɗa na gefe suna ɗumama fata. Ga rijiya sabuwa fil, da bakinta na siminti da ƙarfen kurar jan guga a sama, an zagaye ta da ƙyalle. Matan ƙauyen sun daɗe suna tafiya mai nisa neman ruwa, amma an ce kada a jefa guga sai Madam ta sha kofin farko, suka haƙura. Goggo Salamatu, shugabar matan da ke kula da rijiyar, tun asuba take gadinta da sanda. Labbo ya yi sa'a, ko kuwa rashinta, ya iso daidai lokacin da ta je duba tukunyar baƙi.

Ya tsallaka ƙyallen, ya ce su ɗauka akwai dawakan dutse da ruwa na feshi ta ko'ina. Ya ce al'adar wurin ita ce mutum ya juya wa ruwa baya, ya runtse ido, ya faɗi buƙatarsa a hankali, ya jefa kuɗin ƙarfe da hannun dama ta kan kafaɗar hagu. Ya ce su jeru. Nafissa ta ce ita ba ta zuba komai a ruwan shan mutane. Sauran biyun suka koma bayanta. Sagir ma, da ya lalubi aljihu, sai ya tuna kuɗin nasa ne.

Labbo ya ce to su buɗe ido su koya. Ya damƙo canjin da ke aljihunsa gaba ɗaya, ya juya baya, ya runtse ido, ya shiga motsa baki da wani abu mai kama da Italiyanci, ya watsa su ta kan kafaɗa. Aka ji ƙararsu can ƙasa. Da ya buɗe ido, Goggo Salamatu ce tsaye a gabansa da muciya.

"Kai ɗan nan, mi kaz zuba cikin ruwanmu?"

"Goggo, kwantar da hankalinki. Al'ada ta, ta mutanen Rum."

"Al'adar da aka juya ma ruwa baya, a rufe ido, a yi ƙus-ƙus? Mu ma nan muna da sunanta."

Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma kafin Labbo ya gyara tabarau mata sun zagaye shi, maigari da liman suna tafe. Liman ya tambaye shi a natse, don me ya yi hakan. Labbo, da ya ga taro, sai ya ga dama ta samu. Ya haɗe yatsu, ya yi musu bayani dalla-dalla cewa ana yi ne don buƙata ta biya, kuma ruwan ne ke riƙe alkawarin. Liman ya dubi maigari, ya ce to ai ba sai an nemi shaida ba.

Nafissa ta sa baki, ta ce wallahi kuɗi ne kawai, ta gani da idonta, wauta ce ba mugunta ba. Goggo ta ce ɗiyata, ke kin ga kuɗin, kin ga abin da ya tofa musu? Wata ta ce dubi ma kafaɗarsa, ja-ja kamar ya yanka wani abu. Labbo ya ce tumatir ne. Aka ce tumatirin ma me ya kai shi kafaɗa.

Maigari ya yanke hukunci. Ba mai shan ruwan nan, ko Madam ko jariri, sai abin da aka zuba ya fito, kuma hannun da ya zuba shi zai fitar. Aka kawo igiya, aka ɗaura wa Labbo a ƙugu, aka bi da ita ta kan kura, aka ɗaura ɗaya bakin a jikin jakin Barmo. Labbo ya ce yana neman a rubuta cewa bai yarda ba. Barmo ya ce jakin ma bai yarda ba tun safe, amma ga shi yana aiki.

Haka aka zura shi a hankali, jaki na ja da baya, shi yana ƙasa-ƙasa, yana ba da umarni kan yadda ake riƙe igiya a ƙasashen da suka ci gaba. Ruwa ya kai masa ƙirji. Ya shiga lalube da yatsun ƙafa, in ya samu ɗaya ya nutsa ya ɗauko, ya sa a guga. Goggo na karɓa tana jerawa a kan faifai, ba ta taɓawa da hannu.

Ana cikin haka motoci suka shigo. Makaɗa, da aka ce su buga da zarar sun ga ƙura, suka saki ganga gaba ɗaya. Jakin Barmo bai taɓa halartar biki ba. Ya zabura ya yi gaba da gudu, kura ta yi ƙara, igiya ta miƙe. Madam Rijiya da magajin gari suna isowa bakin ƙyalle, sai ga mutum ya ɓullo daga cikin rijiya, jiƙe sharkaf, tabarau a karkace, laka a gemu.

"Bonjorno, Madam," in ji shi.

Barmo ya cafko jaki ya jawo shi baya, Labbo ya sake nutsewa kamar yadda ya fito.

Madam ta daɗe a ƙasar nan, Hausa a bakinta ba ta da laifi. Ta tambayi abin da ke faruwa, Nafissa ta ba ta labari tun daga filin kokowa, ba ta rage ko tumatir ba. Sagir ya ƙara da cewa akwai hotuna. Madam ta rufe baki da gyale na ɗan lokaci, kafaɗunta na rawa, magajin gari kuma ya juya yana nazarin wata bishiya.

Daga nan ta leƙa rijiya ta yi wa Labbo sannu da aiki. Muryarsa ta taso da amo, yana cewa kamar yadda Madam ke gani, ya riga ya horar da yaran, kuma shi mutum ne da ba ya gudun shiga ko'ina saboda ɗalibansa. Batun kujera, a shirye yake ko gobe.

Ta ce ta gode. Ta ce ɗaliban da suka fito da ransu daga wannan yini ba sa buƙatar mai rakiya a ko'ina cikin duniya. Kujerar za ta ba ɗalibi na biyar, wanda ƙiris ya hana shi shiga cikin huɗun.

Har maigari ya ji tausayi, ya ce to ya isa haka, a fiddo bawan Allah. Barmo ya fara jan jaki gaba, Labbo na tahowa. Madam kuma, don ta kwantar wa mata da hankali, ta ce kada su damu, ba wani asiri ba ne. A can Rum ma masu yawon buɗe ido ne ke yi, kuma abin da ake cewa kawai shi ne, duk wanda kuɗinsa ya zauna a cikin ruwan, wata rana zai sake dawowa wurin.

Goggo Salamatu ta ajiye faifai.

"Madam, watau in ko guda yar rage cikin ruwan ga, mutumin ga na dawo muna?"

Madam ta ce haka dai suke faɗi.

Kan Labbo ya riga ya leƙo bakin rijiya, hannunsa ɗaya a kan siminti. Goggo ta taka ta karɓi ragamar jaki daga hannun Barmo, ta juya shi da kanta.

"Koma, ɗana," in ji ta. "Duba da kyau. Muna jira, ba mu sauri."